Kwanon Sokode

Shekara talatin da biyu Meram ta yi a gidan Malam Babakura, kuma a duk tsawon nan ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba su kuma taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Ba wai zaman ba daɗi ba ne. Haka ta taso ta ga ana yi a gidansu, shi ma haka ya tarar a nasu, tun kafin iyayensu su baro Borno su zauna a Azare. "Malam" take ce masa, in da baƙi kuma "Maigida". Da an idar da sallar magariba sai ta zuba tuwo a babbar samira ta ajiye a bakin zaure, shi kuma ya ɗauka ya fita ƙofar gida, inda magidanta shida na layinsu ke haɗa kwanukansu a kan tabarma ɗaya su yi ciyayya. Ita kuwa ta ci da yara a tsakar gida. Da yaran suka watse, har autarsu Ikhlas ta yi aure a Giade, sai ta koma ci ita da rediyo.

Malam Babakura malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare. Ya ƙarar da alli ba adadi yana zana wa ɗalibai Kogin Kwara a allo, tun daga mafarinsa a tsaunukan Gini har inda ya zube a teku, alhali shi kansa bai taɓa wuce Zariya ba. Wata biyu da yin ritaya, wata safiya yana shan shayi, ya ce mata zai je ya ga mafarin kogin nan da idonsa kafin gwiwa ta ƙi.

"Kwana nawa?" in ji Meram.

"Watanni ne. Ta mota zan bi, ƙasa bayan ƙasa, in tsaya inda na ga dama."

"To, sai mu nemi babbar jaka."

Ya ajiye kofi. "Mu?"

"Malam, mutumin da bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba ne zai nemo mafarin kogi shi kaɗai? Maganin hawan jinin nan ma sai na miƙa maka da ruwa."

Meram ba mace ba ce da ake ja da ita in ta tsai da magana. Yayar Malam, Hajiya Khadijatul Kubra, wadda dangi ke kira Ya Kubra, ta zo takanas a keke napep don ta hana. Ta ce mace mai jikoki huɗu ba ta bin tasha-tasha. Meram ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo mata fura, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ci gaba da ɗura kajiji da farce da sandal a leda. Sana'arta ke nan, haɗa turaren wuta, kuma ta san duk inda mata suke a duniya ba za ta rasa masu so ba.

Sunansa ta fara faɗa tun kafin su yi mako biyu a hanya. A tashar Faraku ne, cikin ƙasar Binin. Motarsu ta cika, direba ya tayar, Malam kuwa ya tafi neman ruwan alwala ya ɓace cikin cinkoso. Ta hango farar hularsa can nesa yana nufar wata motar daban. Ta leƙa ta taga ta ce, "Malam!" Mutum wajen ashirin suka waiwayo, har da mai sai da rake, ban da shi. Ta sake kira, wasu goma suka ƙaru. Mota ta fara gangarawa. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Babakura!"

Ya tsaya cak kamar wanda aka jefa da dutse. Ya juyo, ya rugo yana riƙe da buta. Da ya zauna kusa da ita yana haki, ta ja mayafi ta rufe fuska, kunya kamar ta nutse. Sun yi nisa sosai kafin ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ashe kin san shi."

Kwanon kuwa a Sokode suka same shi, a ƙasar Togo. Mai abincin tasha ba ta da sauran faranti, mota kuma ba ta jira. Meram ta tsallaka titi ta sayo wani kwano shuɗi mai ɗan ɓantare a baki, aka zuba musu sakwara da miyar gyaɗa. Ta miƙa masa ya fara ci, in ya rage ta ci. Ya dubi direba, ya dubi kwano, ya ce, "Sa hannu, za a bar mu." Ta sa. Loma ta farko da kyar ta wuce. Tana cikin haka ta ga ya sa yatsa ya turo yankan nama guda ɗaya da ke ciki zuwa gefenta, yana kallon wani waje kamar ba shi ba.

Daga ranar ba su sake neman faranti biyu ba. In sun sauka a zangon Hausawa aka raba su, maza a zaure mata a ciki, sai su ɗan taɓa don girmama masu gida, su jira su koma masauki su ci nasu. Meram ta fara sanin mutumin da ta haifa wa 'ya'ya biyar. Ashe yana hura abinci ko da ya huce. Ashe yana da ba'a, in ya ƙoshi yakan kwaikwayi maganar shugaban makarantarsu har ta ƙware da dariya.

A Tamale, cikin Gana, suka yi wata biyu, don turarenta ya karɓu wajen matan zango har ana yi mata layi. Wata rana ta ga busasshiyar kuɓewa a kasuwa, ta ce bari ta tuna masa da gida. Ta ari murhu, ta tuƙa tuwon masara, ta kaɗa miya irin wadda ta saba yi masa sau uku a mako. Suka zauna. Sai ta lura yana gutsurar tuwo ta gefen da miya ba ta taɓa ba.

"Gishiri ne bai ji ba?"

Ya share hannu, ya ce, "Meram, ni fa ba na cin kuɓewa. Tun ina yaro."

Ta saki baki. "Shekara talatin da biyu ina yi maka?"

"Ba ki tambaya ba. Ni kuma na ga kamar kina jin daɗin yi."

"To samirar da ke dawowa tas kamar an wanke?"

"Bappayo ne. Har da yatsa yake suɗewa. Ni na gidan Alhaji Bunu nake ci."

Bappayo maƙwabcinsu ne, Bafulatani, tsohon dillalin awaki. Meram ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, hawaye na zuba. Can kuma dariyar ta ƙare, hawayen bai tsaya ba. Baƙin ciki ne ya kama ta, na gaske, da ta tuna rabin rayuwarta tana tsaye a gaban murhu tana yi wa mijin wata girki, nata mijin kuma yana bayan katanga ɗaya ba ta san abin da yake so ba. Washegari Malam ya tafi kasuwa da kansa ya dawo da kuka da busasshen kifi a ƙunshe, ya ajiye a gabanta.

Hanya ba ta yi musu sauƙi kullum ba. A Kwaddibuwa shingen jami'ai ya fi garuruwa yawa, kuma Turancin Malam bai yi masa rana ba, don can Faransanci ake ji. Meram ce ta riƙa fitar da su da hannu da ido da murmushi, wani lokaci da ɗan ƙullin turare don matar mai kaki. A Gini damina ta riske su cikin wata tsohuwar mota da aka cusa mutum tara, da akuya biyu a sama, suka yi kwana uku a tafiyar yini ɗaya. A Kankan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita mako biyu. Malam, wanda bai taɓa hura wuta ba, ya dama mata kunu mai gudaji kamar tsakuwa, ya riƙa ba ta da cokali daga kwanon Sokode. Ta shanye, ta ce masa kada ya kuskura ya buɗe shagon kunu.

Sai a wata na tara suka kai. Daga garin Farana suka hau babur, daga inda babur ya gaza suka taka da ƙafa, wani tsohon maharbi na gaba da izinin mai gari. Can cikin itatuwa ya nuna musu wani ɗan ruwa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin duwatsu.

"Wannan ne?" in ji Meram. "Kwatar gidanmu ta fi shi ƙarfi ranar wanki."

Malam ya tsuguna ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi, kamar yana karanta wa aji darasi a zuci. Ta ciro kwanon daga jaka, ta ɗebo ruwan ta miƙa masa. Ya sha rabi ya miƙo mata. Daga nan, tun da ƙafa ta riga ta saba, suka ƙarasa har Dakar suka ga inda ƙasa ta ƙare, sannan suka juyo a hankali. Wata goma sha huɗu cif suka yi kafin motar Kano ta sauke su a tashar Azare.

Gida ya cika maƙil ranar. 'Ya'ya da jikoki da surukai, matan layi, da Ya Kubra a kan kujera a tsakiya tana karɓar barka kamar ita ta yi tafiyar. Meram na ta fama da jakar tsaraba, makulli ya ƙi ganuwa. Malam na tsaye a bakin zaure yana gaisawa da mijin Ikhlas. Ba tare da ta ɗaga kai ba ta ce, da murya irin ta tasha, "Babakura, makullin jakar nan na aljihunka?"

Tsakar gida ta yi tsit. Wata jika ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta toshe mata baki. Mijin Ikhlas ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Ya Kubra ta gyara zaman mayafi a hankali ta ce, "Abin da aka je duniya aka koyo ke nan."

Malam ya zaro makulli ya ajiye a kan jaka, ya fita. Wannan fitar tasa ce ta fi yi wa Meram ciwo. Kafin Ya Kubra ta tafi ta ja ta ɗaki ta yi mata magana a natse. Ta ce abin da aka yi a hanya na hanya ne. Nan akwai surukai, akwai jikoki masu kwaikwayo, kuma ƙaninta mutum ne mai daraja a layi, kada a mai da shi abin nuni. Meram ta ce, "To, Yaya. Na ji."

Da magariba ta ji ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ciyayyar ta kusa mutuwa da ba ya nan, don ƙofarsa ce matattara. Kuma matar Bappayo ta rasu suna Gana, tun daga lokacin tsohon ba shi da wani tuwon dare sai na wannan tabarma. Wa zai ce wa Malam kada ya fita? Meram ta zuba tuwo a babbar samira, ta ajiye a bakin zaure, ta ce, "Malam, ga shi." Ya dube ta ɗan jim, ya ɗauka ya fita. Ita kuma ta wanke kwanon Sokode ta tura shi can bayan kabad.

Kwana tara aka yi haka. Gida ya koma yadda yake, har rediyo ta koma wurinta a gefen tabarma. Meram ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi fushi ba, amma ta san abin da ke kuɓuce mata. Ta tsallaka iyakoki ba adadi ta samo miji, ga shi tana kallo katangar gidanta za ta karɓe shi. Abin da ba ta sani ba shi ne ko shi ma yana jin rashin, ko kuwa ya sauke ta ne tare da jaka.

A rana ta goma da hantsi tana bakin titi tana jiran keke napep zuwa kasuwa, sai ga Bappayo da sandarsa. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, don haka shi kaɗai ne a layin ke iya tsayar da ita ya faɗi abin da ya ga dama.

"Baiwata," ya ce, "an dawo daga yawon duniya an manta da ubangida. Ina kuɓewata? Kwana tara kuka, kuka, kuka."

"Bafulatani da ya saba da nono tsagwaro har ya san miya? Ka gode Allah da ka samu maƙwabta Barebari."

Ya yi dariya, sannan ya matso ya rage murya. "Tsakani da Allah, me kuka yi wa Malam a can? Loma biyu yake yi ya wanke hannu. Ya ba wa zaure baya amma kunnensa na ciki, ko cokali ya faɗi sai ya waiwaya. Kuma ya koyo wata ɗabi'a. Duk naman da ya tsinta sai ya turo gabana da yatsa yana kallon wani waje, sai ka ce ni amaryarsa ce. Jiya Alhaji Bunu ya ce ko dai sai an yi masa addu'a."

Keke napep ta tsaya. Meram ta shiga, ta ce wa Bappayo ya wanke hannu da kyau yau. A kasuwa ta sayi kuɓewa mudu guda, ta zaɓi busasshen kifi mafi girma a teburin mai kifi, ba ta ko tsaya ciniki ba.

Ranar Juma'a ce, kuma kowace Juma'a Ya Kubra a gidan take yini. Tana zaune a tsakar gida tana jan carbi ta ga Meram ta ɗora tukunya biyu. Ta ga ta cika samira da tuwo da miyar kuɓewa har tana neman zuba. Ta ga kuma ta jawo kujera ta hau, ta ciro wani ɓantararren kwano shuɗi daga bayan kabad.

"Wannan kuma na kaji ne?"

"Namu ne, Yaya."

Bayan sallah Malam ya shigo ya ɗauki samira ya fita kamar kullum. Meram ta zuba wa Ya Kubra nata a faranti mai kyau, ta kai mata da ruwa, ta durƙusa. Sannan ta shimfiɗa ƙaramar tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ajiye kwanon Sokode a tsakiya, tuwo da miyar kuka, kifi a kai. Ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta ratsa tsakar gida ta shiga zaure, ta tsaya daga ciki inda ba a ganinta amma ana jinta. A waje Bappayo na ta yi wa kuɓewa kirari.

A Faraku bakinta ne ya riga ta. Ranar dawowa ma haka. Wannan karon kuwa sai da ta ja numfashi ta zaɓi kowace kalma.

"Babakura. Tuwo zai huce."

Maganar ƙofar gida ta ɗauke. Ta ji wani ya yi tari. Ta ji Alhaji Bunu ya ce, "Ikon Allah." A bayanta carbin Ya Kubra ya daina ƙara. Sai ta ji karkaɗe riga, da jan takalmi, da muryar Malam a sake, har da ɗan alfahari a ciki.

"Jama'a, ga samira nan, ta Bappayo ce tun asali. Gobe ma za ta fito, ni ma zan fito mu gaisa. Amma ni ana kirana."

"Tafi, mijin-ta-ce," in ji Bappayo da baki cike. "Allah ya sa kullum a kira ka."

Ya shigo ya wuce ta gaban yayarsa, ya ce, "Ya Kubra, a ci lafiya." Ta buɗe baki, ta dubi ƙaninta da ya rame cikin kwana goma a gidansa fiye da yadda ya rame a wata goma sha huɗu a hanya, ta mai da bakin ta rufe, ta jawo farantinta.

Malam ya zauna a ƙaramar tabarma ya wanke hannu. Meram ta zauna a ɗaya gefen. Ya yi bisimilla, ya gutsuri tuwo ya hura, ko da yake ya riga ya huce. Sannan ya sa yatsa ya turo kifin gefenta. Wannan karon bai kalli wani waje ba.

"Kwana tara," ya ce, "ina zaune a bakin zauren can ina jira ki kira."